Malam Kife da Kaskon da Ba Ya Kifuwa

Idan ana zancen idanu a garin Tokoname, to a fara da na Malam Tokuji Hanai, sauran jama'a kuma su bi layi. Namu idanun na ganin hanya ne da tsince ƙaya a kifi. Nasa kuwa, da ya kalli kaskon bonsai, wato 'yar bishiyar ado da ake reno a kasko, sau ɗaya zai gaya maka wanda ya gina shi, da shekarar da aka gasa shi, da ramin da aka haƙo yumɓun, har da ko maginin ya karya kumallo a ranar. Shekara arba'in yana wannan aiki bai taɓa kuskure ba. Mun tabbata da haka, don shi da bakinsa ya faɗa mana.

A garin da kowa ya tashi da laka a farce, Malam Tokuji kaɗai ke yawo da farar safar hannu. Ya ce kakanninsa masu tara kayan ado ne, ba su taɓa cuɗa yumɓu ba, shi kuma ba a kansa za a fara ba. Mutane na zuwa daga Nagoya, daga Osaka, wasu ma daga ƙetare, rungume da kasake a naɗe cikin tsumma. Ya duba, ya yi gyaran murya, ya yanke hukunci. In kaskon ya cancanta, sai ya ɗauki alƙalamin gashi ya rubuta shaidarsa a murfin akwatin katakon da za a adana shi. Kaskon da ya samu wannan rubutu kuɗinsa kan ninka sau goma. Wanda bai samu ba, mai shi ya koma gida ya shuka albasa a ciki.

Ya kuma rubuta kundi, Kundin Hatiman Magina, mai sunaye ɗari shida da sha biyu. Ko wanka za shi, kundin na hammatarsa.

"Kasko suna ne," in ji shi a kowane taro, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. "Duk kaskon da sunan magininsa ba ya cikin wannan kundi, da shi da fasasshen tayil ɗin rufi kuɗinsu ɗaya. Amma ku sani, leƙen hatimi aikin 'yan koyo ne. Ni fuskar kasko nake karantawa. In kun ga na duba hatimi, ina so ne in ga ko ya yarda da ni."

To, hatimin magini a gindin kasko yake, kuma abin mamaki, bai taɓa saɓa wa Malam ba. Wasu marasa tarbiyya sun lura cewa Malam ba ya buɗe baki sai ya kife kaskon tukuna. Tun yana kife kasake har hannun ya saba. Ka ba shi shayi, yana shanyewa zai kife kofin. Ka ba shi shinkafa, ya kife kwanon. A gidan makokin wani dattijo ya kife kaskon turare, toka ta cika wa mai addu'a cinya, shi kuwa ya sanar da masu makoki cewa kaskon na kamfani ne. Daga ranar aka sa masa Malam Kife. A gabansa Malam kawai ake cewa, a haɗiye sauran.

Kaskon da akwai bishiya a ciki ba ya kifuwa, amma wannan bai taɓa damun Malam ba. Yana da wani ɗan madubi mai dogon mariƙi, irin na likitan haƙori, a cikin hannun rigarsa. Sai ya yar da hankici, ya sunkuya ɗauka, madubin ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe yana lumshe ido ya ce ruhun maginin ya yi masa magana. Babu wanda hankicinsa ke faɗuwa a garin nan kamar Malam.

Wata rana wani bawan Allah ya kawo kaskon da ya gada daga kakansa. Malam ya shafa bakinsa, ya yaba kalar, ya ce irin wannan ja ba a ƙara samunsa, har ya fara jawo alƙalami. Sai ya kife. Gindi fayau, ba hatimi. Nan take jan ya koma na bulo, bakin kaskon ya karkace, ƙafafunsa suka zama na kwaɗo. Mutumin ya rusuna ya yi godiya, ya fita yana sharar ƙwalla. Malam ya ce gaskiya ce ke sa su kuka.

Akwai wasu watanni takwas a rayuwar Malam da ba ya son a taɓa. Shi dai ya ce a Kyoto ya yi su yana karatu, lokacin yana ɗan shekara sha tara. Tsofaffin gari kuwa suna tuna wani Kyoto da ke bayan dogon bututun hayaƙi, a matoyar gasa kasake ta Tsoho Genzo, inda wani saurayi mai suna Tokuji ya yi koyon gini. Al'adar matoya ita ce, ɗan koyo ba shi da hatimi. Da ƙusa yake karce sunansa a gindin abin da ya gina, ranar ƙarshe ta shekara kuma maigida ya fasa su duka, a liƙa ɓarayen a katangar lungu. Genzo bai jira ƙarshen shekara ba. Ya fasa kayan a wata na takwas, ya sallami saurayin, ya ce masa, "Hannunka ba shi da laifi, bakinka ne ya yi yawa." Kowa ya san wannan, ba kuma wanda ya taɓa faɗa. Mu a nan ba ma kunyata mutum a gabansa, mukan jira ya yi da kansa.

Bara ne ƙungiyar masu bonsai ta gari ta yanke shawarar gyara wata tsohuwar matoya ta zama ɗakin tarihin kasake. Ɗaki kuwa sai da shugaba. Tun kafin a share yanar gizo-gizo Malam ya buga katin suna ɗari biyar, da muƙamin a jiki. Abin da ya rage masa a duniya ke nan. Shekara saba'in da biyu gare shi, kuma ya gaji da zama babban mutum a kan kujerar da shi ya saya wa kansa. 'Yan ƙungiya suka ce to, duk wanda ya samo kaskon da ya isa a sa a tsakiyar ɗaki, kujerar tasa ce. Suka fita gida-gida suna dubawa, Malam a gaba.

Haka suka isa gidan marigayi Genzo, inda 'yarsa Sumie ke zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Tsohuwa ce ƙarama, mai ɗan doro, sa'ar Malam. Rabonsa da ƙofar nan shekara hamsin da uku, amma ya shiga yana tambaya ko ta ina ne tsakar gida.

A bayan gida, kan wani faifan dutse, akwai bishiyar matsu, mai ganye kamar allura, da ba ta kai ƙugun mutum ba, ta tanƙware kamar mai sauraron tsegumi. Tana cikin wani kasko mai kusurwa huɗu, ja mai duhu, wanda ruwan sama da rana suka yi wa ado. Duk wanda ke wurin ya zuba wa kaskon ido, don yana da kyau, kyan da ba ya buƙatar kundi. Mijin Sumie ne ke canza wa bishiyar ƙasa, to tun da ya rasu shekara sha biyar ba a ɗaga ta ba. Saiwoyi sun bi ta hujin gindi sun kama dutsen, gansakuka ta toshe sauran.

Hankicin Malam ya faɗi. Madubi ya ga saiwa. Hankicin ya sake faɗuwa ta ɗaya gefen, madubi ya ga gansakuka da katantanwa guda. A faɗuwa ta uku, Baba Rokuro, tsohon mai lambun da ke kula da bishiyoyin rabin gari, ya ce, "Malam, ko a ɗaura maka shi a wuya ne?"

Mutum goma sha biyu na tsaye suna jiran hukunci. Karo na farko a rayuwarsa, sai Malam ya karanta fuskar kasko da gaske. Ya yi lissafi a ransa. Ginin Genzo ya sani, wannan ba shi ba ne. Genzo kuwa ba zai sa bishiyarsa mafi daraja a kaskon banza ba. Ke nan abin ya fi ƙarfin gari, daga ƙetare ya zo.

"Jama'a," ya ce, "ku rusuna. Wannan tsohon kaskon ƙasar Sin ne, na farkon zuwa, ya haye teku shekara ɗari uku da suka wuce. Uku ne irinsa a duniya, biyu sun ɓata."

"Malam," in ji Sumie, "ai wannan kaskon..."

"Uwargida, ke kin ba shi ruwa, kin kyauta. Sauran ki bar wa masu ido."

Ta bari.

Kasko mai bishiya ba a taɓa shi sai ƙarshen sanyi, lokacin canjin ƙasa, in ba haka ba bishiyar ta mutu. Aka sa rana a watan uku. Jiran wata biyar ke nan, kuma Malam bai ɓata ko yini ɗaya ba. Ya rubuta shafi tara a mujallar ƙungiya. Ya yi lacca sau huɗu. Kullum yana gidan Sumie da baƙi, yana shanye mata shayi yana kife mata kofuna.

"Ku dubi kusurwar hagu, ta ɗan karkace," yakan ce. "Jahili zai ce kuskure ne. Da gangan ne. Gwani ne ke nuna tawali'u, don kada ya fi sama da ƙasa daidaito. Ku dubi shatin babban yatsa a gefen nan. Ni ina ganin mutumin kamar yanzu. Mutum ne marar magana. Wanda ya gina wannan kasko, na rantse, bai furta kalma ɗaya ba tun da ya taɓa yumɓun har ya gama. Mai surutu ba ya gina irin wannan, ni na sani."

Bayanin shirun kan ɗauki awa ɗaya da rabi.

Wani baƙo ya tambayi darajarsa. Malam ya kalli gidan Sumie daga rufi zuwa ƙasa, ya ce a haɗa gidan da filin da maƙwabta biyu, sannan a fara magana. Sumie da ke zuba shayi ta ce, "Malam, da dai ka bari in gaya maka wani abu tsakanina da kai." Ya ɗaga mata farar safa. Ya ce ya san mata da tatsuniyoyin gado, kowace tana da labarin kakanta, amma ilimi ba ya cin abinci da jita-jita. Ana saura kwana uku ta sake gwadawa, har gida ta same shi da ƙunshin wainar wake. Ya karɓi wainar, ya ce in batun lada ne kada ta damu, za a sa sunanta a ƙasan nasa da ƙananan haruffa. Ta dube shi, ta dubi safar, ta ce, "To, shi ke nan. Sau uku dai na zo." Ta koma gida.

A daren jajibiri ba a ga Malam ba, yana gida yana rubutu. Ya sa an ƙera akwati na musamman, ya kuma cika murfin tun kafin a ɗaga bishiya: "Aikin gwanin da ba shi da na biyu. Idona ya gani, ya shaida. Tokuji Hanai." Ya buga jan hatiminsa, babba, wanda ya fi na kowane magini a kundin.

Ranar ta zo da hantsi mai kyau. Tsakar gidan Sumie ya cika, 'yan ƙungiya a gaba, ɗan jarida da kyamara, maƙwabta a kan katanga. Malam ne ya gayyato ɗan jaridar. Baba Rokuro ya durƙusa da almakashi da tsinken cin abinci, yana tsefe saiwoyi yana yankewa a hankali, yana yi wa bishiyar magana kamar mai lallashin jika. Awa guda ana abu ɗaya. Malam ya cike awar da jawabi. Daga ƙarshe bishiyar ta taso, aka naɗe saiwarta da jiƙaƙƙen buhu, Rokuro ya wanke kaskon a bokiti, ya miƙa wa Malam da hannu biyu.

Nan fa hannun ya so ya yi abin da ya saba, ya kife ya leƙa. Amma kyamara na kallo, kuma Malam ya ji labarin sunan da ake kiransa da shi a bayan ido. Yau zai kashe sunan. Ya ɗaga kaskon sama, ya juya gindinsa ga jama'a, shi kuma ya kau da kai yana kallon gajimare.

"Shekara arba'in ana cewa sai na leƙa," ya ce. "To yau ba zan leƙa ba. Shugaban ƙungiya, karanta wa jama'a abin da idona ya riga ya sani. Da ƙarfi, don na kan katanga su ji."

Shugaban ƙungiya ya gyara tabarau. Ya matso. Ya cire tabaran ya goge ya mayar. Ya waiwayi Sumie, ita kuwa tana gyara wa bishiya buhu.

"Malam, ba hatimi ba ne. Karce ne, na ƙusa."

"Haka manyan dā ke yi. Karanta."

"Malam, anya..."

"Karanta, na ce!"

Shugaba ya rusuna, ya karanta da ƙarfi yadda aka umarce shi: "Tokuji, ɗan koyo. Wata na takwas."

Wata mata a kan katanga ta yi tari, tarin ya yaɗu, kafin ka ce me rabin gari na fama da mura. Malam na nan tsaye, hannu a sama, ido a gajimare. Sai kaskon ya fara yi masa nauyi. Ya sauke shi a hankali, ya leƙa. Rubutun nasa ne, har da wutsiyar da yake ja wa harafin ƙarshe, irin wadda ke kan murfin akwati.

"Wannan," ya ce, ya tsaya. "Wannan suna ne da ya yi yawa a ƙasar Sin."

"Haba Toku," in ji Sumie. Rabon da a kira shi haka tun yana da gashi. "Ranar da Baba ya fasa kayanka, wannan kaɗai ya bari. Ya ce shi ne na kirki. Ka manta? Makon da haƙorinka ya kumbura ka gina shi, kwana uku ba ka iya buɗe baki. Baba ya ce da ciwon ya kai shekara, da an yi magini."

Baba Rokuro ya goge hannu a wando. "To ai Malam bai yi kuskure ba," ya ce. "Ya ce maginin bai furta kalma ba. Kai, ido dai ido ne!" Ya jawo kundin daga hammatar Malam, ya lashi yatsa, ya shiga buɗe shafuka, gaba da baya, ba gaggawa. "Sai dai ban ga sunan a nan ba. Malam, tunda kai ne mai hukunci, gaya mana, yanzu nawa ne kuɗinsa? Da maƙwabta biyu za a haɗa, ko da tayil ɗin rufi?"

Malam ya buɗe baki. A karo na biyu a rayuwarsa, ba abin da ya fito. Gaskiya ni na tausaya masa a lokacin. Abu ɗaya tak ya taɓa yi mai kyau a duniya, shi ma ya ɗauka ya ba wani Basine da ya mutu shekara ɗari uku da suka wuce.

Kujerar ɗakin tarihi Sumie aka ba, tana ta cewa ita ba ta iya jawabi ba, aka ce dalilin ke nan. Katin suna ɗari biyar ɗin nan matar Malam ke rubuta cefane a bayansu. Kaskon kuwa yana tsakiyar ɗaki kamar yadda aka yi alkawari, don kyansa bai ragu da komai ba. An ajiye shi a kife, murfin akwatin na jingine a gefensa.

Wanda ya ɗauka Malam zai ɓuya bai san manyan mutane ba. Wata uku ya yi a gida, sai ga sabon bugun kundi ya fito, an gyara an faɗaɗa. Sunaye ɗari shida da sha uku. Sabon maginin ya samu shafi sha ɗaya, Genzo na nan da rabin shafinsa. An bayyana shi a matsayin haziƙin da zamaninsa bai fahimta ba, wanda ayyukansa suka yi ƙaranci har ba a iya sa musu kuɗi.

Wani baƙo daga Osaka ya karanta, ya zo ɗakin tarihi a guje, ya tambayi Sumie inda zai ga sauran ayyukan wannan gwani. Ta ce ai suna nan, ba ko ɗaya da ya ɓata. Ta fito da shi ta nuna masa lungun bayan matoyar babanta, katangar nan mai ɓarayen kasake, daidai inda karnukan unguwa ke ɗaga ƙafa kowace safiya.

Jiya ma an ga Malam a gindin katangar. Hankicinsa ne ya faɗi.